Takardun da Aka Yanke wa Kai

A shekarun da nake karatu a Lyon na yi aiki wajen wani tsoho Bafaranshe mai tara tsoffin takardun Luwiziyana, na zamanin da Amurka ta karɓe ta daga Faransa tana naɗa mata gwamnoni. Sa hannun gwamna ko alƙali kaɗai yake so. Sai ya miƙo mini almakashi in yanke wurin, ya sa a gilashi, sauran ya ce in zuba a shara. Wannan ɗabi'a tasa tana ba ni haushi har yau.

Ni ɗan Damagaram ne, a gidanmu ba a jefa rubutu cikin ƙazanta. Saboda haka nake cusa ragowar a jaka, ranar Juma'a in hau jirgin ƙasa in kai su ɗakinmu a La Courneuve, garin da matata take zaune, in tura ƙarƙashin gado. Ban taɓa karanta su ba. Rubutun duk a karkace, tawadar ta yi ja kamar tsatsa.

Matata tana da ciki a lokacin. Ta fara cewa ɗakin ya yi mata ƙunci. Na yi mata dariya, na ce cikinta ne ya cinye wurin. Wata Asabar da hantsi na dawo daga sayen nama a kasuwar Château Rouge, na tarar da ita zaune bisa matakala da kayan barci.

"Malam, ɗakin nan da mutane," in ji ta. "In na tada salla sai in ji ana bi na sahu. Ko ka fid da takardun nan, ko in tai gidan yayata."

Na shiga ni kaɗai. Tagar a rufe take, amma iskar ɗakin da ɗumi, irin na wurin da jama'a suka tashi yanzu. Tsoro ya kama ni sosai. Na jawo jakar don in kai su wani wuri in binne, na ce bari dai in duba ɗaya.

Umarnin kotu ne na sayar da bayi. An rubuta namiji, Bahaushe, mai tsaga a kumatu, ba ya jin Faransanci. Sunansa yana layin ƙarshe, dab da sa hannun alƙali, kuma almakashina ya bi ta kansa. Na fito na ce mata ta ɗauko mayafi mu sayo abin sadaka. Ta tambaye ni da sunan wa za a yi, alhali sunan mutumin ya tafi da guntun da na yanke.