Fim ɗin da Yaya Ta Fassara a Mahjar

Ana kiran sallar asuba muka bar gida, ni da kawuna, muka nufi tashar jirgin ruwa ta Bur Sudan. Inna na kwance ba lafiya, ba ta da magana sai ta babbar 'yarta da ke aure a Jidda, wadda ta daɗe rabonta da gida. Na ce ta kwantar da hankalinta, da Yaya zan dawo. Ni dai in na ƙudurta abu ba na shakka.

Teku ta yi mana kirki, sai dai kawu tun da jirgi ya ɗaga yake rungume da bokiti. Jidda kuwa ga zafi ga gumi, motoci sababbi fil, ko'ina gini ake yi. Shayin da muke sha kusan kyauta a gida, can sai aljihu ya ji a jikinsa. Amma wakensu na ful da gurasa mai zafi, na ci har na ajiye kunya.

A unguwar Mahjar muka sauka. Mijin Yaya, Alhaji, shi ne shugaban Hausawan wurin. Mai neman iƙama, wato takardar zama, mai rigima da kafili, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, duk a ƙofarsa suke wuni. Mace kuwa ba ta barin ƙasar sai da izinin mijinta. Kawu ya yi masa bayani a tsanake, Alhaji ya ce shi gidansa ba ya tafiya in ba Yaya, halas, magana ta ƙare. Yaya ta ci gaba da zuba shayi, ko kai ba ta ɗaga ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ran Alhamis wani maƙwabcinsu, direba ɗan Siri Lanka, ya samo fim ɗin ƙasarsu da yarensu na Sinhala, aka kafa majigi a tsakar gida bayan magariba. Al'adarsu, maza a tabarma a ƙasa, mata a kan soro muna hangen bango. Alhaji na kan kujera a gaba. Ba mai jin yaren, direban kuma Larabcinsa bai wuce yalla ba, don haka kowa da tasa fassarar.

Labarin ba shi da wuyar ganewa. Wani ɗan siyasa ne mai fararen kaya, a taro ana rataya masa furanni, a gida matarsa ba ta zama sai ya ƙoshi. Maza suka yi ta yaba masa, wai namiji ke nan. Can sai aka nuno wata tsohuwa kwance a ƙauye, aka nuno matar a bakin ƙofa da ƙunshin kayanta, shi kuma ya tare hanya. Ta fara magana a hankali.

Yaya ta matsa bakin katanga, ta ɗaga murya yadda za a ji a ƙasa.

"Cewa take, Alhaji, kullum kana yi wa bare hanya ya je ya ga uwarsa, ni mai dafa maka abinci ka hana ni. In ta rasu ban gan ta ba, zan zauna a gidanka, amma ba zan yafe ba."

Kowa ya san babu wani Alhaji a fim ɗin. Direban, wanda shi kaɗai ya san ainihin abin da aka faɗa, ba ya jin Hausa balle ya gyara mata ko kalma. Alhaji bai waiwayo ba. Ni kuwa hawaye ya hana ni ganin ko matar fim ɗin ta samu fita.

Ran Asabar Alhaji ya fita da sassafe, da azahar ya dawo ya ajiye fasfo a gaban Yaya, ya ce kada ta manta da dabinon Inna.

Mu uku muka sauka a Bur Sudan. Na tafi da tabbacin bakina ne zai dawo da Yaya, ashe nata bakin take jira ta samu inda za ta buɗe. Inna ta daɗe tana shafa fuskarta, sannan ta tambaya wa ya shawo kan Alhaji. Yaya ta ce, "Wata baiwar Allah ce, Inna, 'yar Siri Lanka."