Daga Sakkwato Zuwa Yola Ta Ƙofar Gidana

Duk Agege, a wancan lokacin, babu wanda ya san jirgin sama kamar ni. In jirgi ya wuce ta saman kwanonmu, daga ƙararsa nake gaya wa 'yan majalisa inda za shi, har da ko matuƙin ya karya kumallo. Gaskiyar da ban taɓa faɗa musu ba ita ce, iyakata da jirgi rakiyar alhazai, ita ma daga bayan wayar shingen filin jirgi.

Shekarar da salula ta shigo, maƙwabcina, wani bawan Allah mai sayar da raguna a Alaba Rago, ya tafi Sakkwato saro kaya saboda Sallah ta matso. Matarsa kuwa tana Yola goyon ciki a gidan iyayenta. Yana can ta sauka, ɗa namiji, na fari, bayan shekara tara suna jira.

Ya bugo wa mai shagon layinmu waya, aka miƙo mini. Ya ce zai bar ragunan ya kama hanya, don mota sai ta ci masa kusan kwana biyu, ga surukai na jiransa ranar suna. Na yi masa dariya har da buga cinya. Na ce ya zauna ya gama cinikinsa, Sakkwato da Yola a sama minti hamsin ne, kafin shayin da za a ba shi ya huce an sauka. Na ƙara da cewa ni kaina na bi hanyar sau uku. Taswirar jikin kalandar shagon na kalla na yanke minti hamsin ɗin.

Ya yarda da ni, abin da har yau yake ci mini rai. Sai ana gobe suna ya je filin jirgi. Nan aka gaya masa babu jirgin da ke tashi daga Sakkwato ya nufi Yola. Sai dai ya zo Legas, ya kwana, ya hau wani washegari da rana. Suna kuwa da sassafe ake raɗa shi.

Bayan la'asar ina bakin masallaci ina ba mutane labarin yadda gajimare yake da taushi, sai ga babur ɗin okada ya tsaya. Maƙwabcin nawa ya sauko da jakarsa, da ƙullin kayan jariri da ya saya, idonsa ja. Na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya gaishe da kowa hannu da hannu, ya zo kaina, ya riƙe hannuna ya daɗe.

"Yaya," in ji shi, "gobe in an tambayi ina uban yaro, sai a ce yana Agege wajen direban jirgi."