Ranar da Yayana Ya Gyara Armoniyom

A farkon shekarun mulkin kai majami'armu ta Dogon Dutsi ta samu armoniyom, akwatin kiɗan nan da ake hura wa iska da ƙafa. Daga Najeriya aka kawo shi, kowane farin maɓalli da harafinsa a rubuce. Mu do, re, mi muka koya a lakwal, makarantar boko ta Faransanci, su can da haruffa suke kira, do ɗinmu shi ne C ɗinsu. Da haruffan nan na haddace waƙoƙi, idona kafe a kan maɓalli. Fasto ya ce in na buga lafiya a auren yayana kujerar kiɗa ta zama tawa, in na kwafsa a ba matar mushe, wato malamin lakwal. Ina son kujerar nan kamar raina.

Yayana kuwa bai daɗe da gama yaƙi da jahilci ba, ilimi na yi masa ƙaiƙayi, ko rumbu ya gani sai ya rubuta masa suna. Ya leƙa armoniyom, ya tarar C ce a gaba, A tana can baya.

"Wanga aikin jahili na," in ji shi. "Ina anka taɓa hwara karatu da C?"

"Yaya, don Allah bar shi hakanan."

Ana gobe biki ya faki idona ya goge haruffan, ya sake jera su daga A, wai kada surukai daga Ɗan Kassari su ga abin kunya.

Ranar biki na zauna, na bi haruffa yadda na saba. Waƙar murna ta fito a marairaice kamar an yi rasuwa. Uwar amarya ta fashe da kuka, tsofaffi suka taya ta, ango kuwa sai washe baki yake. Nan na gane rubutunsa. Haushi ya sa na rufe ido, ashe yatsuna sun san hanya. Baiti na biyu ya fito garau, aka yi ta guɗa. Fasto ya ba ni kujera, ni kuma na daɗe ban kai wa Yaya tuwo ba.

Ba wanda ya gyara haruffan, tun daga ranar ido rufe nake bugawa. Yaya ya tsufa yana gaya wa baƙi shi ya gyara armoniyom. Ranar da za a kai shi makwancinsa aka ce in buga waƙar aurensa. Na buɗe ido, na bi haruffansa ɗaya bayan ɗaya.