Lambun Baba Sharifu a Takardar Ziyara

"Ashe lambun ba nashi ba ne?"

"Ke, rage murya."

"In rage me? Shekara nawa muna cin dabinonshi muna ce mishi mai lambu?"

"To dabinon da kika ci, ɗaci ya yi miki?"

"Ni ban ce ba. Kunya dai na ji mishi. Wai ma wa ya rubuta a kai mu can?"

Ina kujerar gabansu a cikin babbar motar da ke maido mu Tamanrasset daga ƙauyen Tit. Ban waiwaya ba. Ni na rubuta.

Sunana Tahiru. Wasannin rediyo nake rubutawa a nan, ina aika wa wata tasha a Damagaram. Tashar tana da shirin gaishe-gaishe kowace Juma'a, kuma shirin ya haifi ƙungiyar masu sauraro da ta bazu daga Maraɗi zuwa Agadas har nan Aljeriya. Ƴan ƙungiyar sun san muryar juna, da yawa ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Kowa da laƙabin da aka raɗa masa a rediyo, kuma ba a bincikar laƙabi. Bana aka ce taron shekara a garinmu za a yi, baƙi arba'in da ƴan kai. Aka ce tunda ni ne mai alƙalami, in tsara wuraren da za a kai su.

Na zauna na jera. Kasuwar Assihar, a je da safe, a riƙe jaka da kyau. Maƙeran azurfa, kada a saya a kuɗin farko. Dutsen Assekrem ga mai ƙarfin gwiwa, a ɗauki bargo. Na huɗu kuwa na rubuta: "Lambun Baba Sharifu Mai Dabino, a Tit. Kowa ya zo da cikinsa." Har dariya na yi ni kaɗai, don jimlar ta yi mini daɗi. Ban tambayi mutumin ba.

Baba Sharifu mutumin wajen Mirya ne. A lambun mahaifinsa ya tashi, sai rijiyarsu ta ƙafe, ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya yo arewa yana da shekara ashirin da ƴan kai. Shekara goma sha biyu yana aikin gini a Tamanrasset, har ranar da katako ya karye da shi daga bene, ƙugunsa ya goce. Tun daga nan yake tafiya a karkace. Ya koma In Amguel yana dafa wa direbobi shayi a bakin hanya, a can ya sayi rediyo, a can kuma ya ba wani direba wasiƙarsa ta farko zuwa tashar. Daga baya ya gangaro Tit, ya koma ga ƙasa da ruwa, aikin da hannunsa ya sani tun yana yaro.

Shekara goma sha tara bai tsallake Juma'a ba, da wasiƙa, yanzu da saƙon murya a waya. Yadda yake farawa ma yara sun haddace: "Ni ne Sharifu, daga ƙarƙashin dabino. Ina gaida Hajiya Barira ta Maraɗi, wadda ta ce ta daina cin goro, ƙarya take." Kuma duk kaka sai ƴan buhunan dabino sun bi direbobi zuwa kudu, kowane da sunan mai shi. Mai gabatar da shirin ya sa masa Mai Dabino, mu kuma muka gina masa lambu a cikin kawunanmu. Bai taɓa cewa nasa ne ba. Bai kuma taɓa cewa ba nasa ba ne.

Ana saura kwana uku baƙi su iso ya kira ni.

"Malam Tahiru, na huɗun nan da ka sa, ba a cire shi?"

"Haba Baba, ai shi kowa ke ɗoki."

"Hanyar ba ta da kyau."

"Kwalta ce har bakin gari."

"Dabinon ma an riga an sare."

"Inuwar ta ishe mu."

Ina jin injin ruwa yana bugawa a bayansa. Sannan ya ce, "To. Allah ya kai mu."

Na san irin wannan "to" ɗin. In ɗan wasa zai faɗe shi, a gefen takarda nake rubuta masa: cikin karaya. Na ji shi sarai. Amma an riga an buga takardu arba'in da biyar, an watsa hotonta ga ƴan ƙungiya, kuma ba na son a ce Tahiru ya tsara abu ya warware. Na kashe waya.

Ranar ziyara muka tarar ya share ƙarƙashin itatuwa, ya shimfiɗa tabarmi, ya sa farar riga mai karin guga. Hajiya Barira ce ta fara sauka.

"Kai ne Sharifun? Da muryar nan taka na zaci sai ka sunkuya kake shiga ɗaki!"

"Ke ma na zaci yarinya ce. Buɗe bakin mu ga goron."

Aka fashe da dariya. Awa guda ana shayi, ana hoto, ana rungumar dabino kamar dangi. Har na fara ce wa kaina ka gani, ba komai. Baƙin birni kuwa ba su san hanyar ruwa ba, suka yi ta taka gefenta, ta fashe a wuri biyu, ruwan da zai shiga tumatir ya malale kan turba.

Sai ga wata farar mota ta tsaya a ƙofa. Wani magidanci ɗan garin ya fito, ya dubi jama'a, ya dubi ruwan. Bai ɗaga murya ba, da Larabci ya yi magana, mu mazauna nan muka ji: "Sharif, su wane ne waɗannan? Wa ka tambaya? Dubi ruwan rana guda a ƙasa."

Baba Sharifu ya tuɓe farar rigar, ya rataye ta a reshe, ya naɗe wando, ya ɗauki shebur ya shiga taɓo.

"Wane ne wannan da zai yi maka magana haka a gidanka?" in ji Hajiya Barira.

"Ɗan mai lambun ne, Hajiya," ya ce, bai ɗago kai ba. "Ni ban-ruwa nake yi musu. Ku ƙarasa shayinku."

Babu wanda ya ƙarasa.

A mota Amadu, mai shagon atamfa a Assihar, ya matso kusa da ni. Ya ce shi ya sani tuntuni, da na tambaye shi da ya gaya mini. Itace uku ne a jikin katanga aka bar wa Baba Sharifu, su ne rabonsa na kaka. Duk dabinon da ƙungiya ke ci daga ukun nan yake fitowa, bai taɓa kai ko mudu kasuwa ba.

Ba a kore shi ba. Amma Juma'a ta zo, mai shirin ya kira sunansa, ya ɗan jira, ya wuce. Haka ta biyu, haka ta huɗu. Hajiya Barira ta aiko da gaisuwa sau uku, har tana cewa ta koma cin goro, ya fito ya kama ta. Shiru.

A mako na biyar na hau mota na tafi Tit. Na same shi a gindin itatuwan nan uku yana ɗinke bakin ƴan buhuna da basilla.

"Baba, ka kira ni ka roƙe ni, na ji, na ƙi. Ka yafe mini."

"Kai ka ce in yi shiru shekara goma sha tara? Daɗin sunan na ji, Malam, shi ke nan." Ya ja zare da haƙori. "Tunda ka zo, kai waɗannan tasha. Na bana ne, sun makara."

Na duba buhunan. Babu suna ko ɗaya a jikinsu.

"Na wa da wa?"

"A raba kawai. Kada a ce daga ina."

Na ajiye buhun da na ɗauka. Na ciro waya, na danna wurin ɗaukar murya, na miƙa ta kusa da bakinsa.

"Baba Sharifu, gobe Juma'a. Don Allah ka faɗi sunayen da bakinka, ka fara yadda ka saba. In ka zo kaina, ka zage ni a ciki, a sa a rediyo kowa ya ji."