Farin Garin da Na Kai wa Yaya Sabi'u

Kano zuwa Gaya

Ana idar da sallar asuba na bar gida, ko shayi ban tsaya sha ba. A jakata akwai kaya kala biyu da wata 'yar kwalba mai farin gari, wadda Inna ta yi ta kirana a waya kada in manta da ita. Yayana Sabi'u ne kwance a Toranke. Shekara da shekaru yana sayar da fetur a bakin titi, da bakinsa yake zuƙo shi ta tiyo daga jarka zuwa galan. Likita ya ce ɓargonsa ya daina yin jini, aka sallamo shi gida.

Rana na fitowa muka haye gadar Wudil. A shingen da ke gaba wani jami'i ya ce kowa ya buɗe jaka. Ya ɗaga kwalbar yana hararata.

"Hajiya, wannan hodar fa?"

"Ƙasa ce, yallaɓai. Aikina ne a jami'a."

Ya shinshina, bai ji komai ba, ya miƙo mini a yatsine.

Gaskiya na gaya masa. Sunan garin ziyolait, daga farar ƙasa muke dafa shi. Kowace ƙwaya cike take da ramukan da ido ba ya gani. A cikin fetur akwai wasu sinadarai masu siffar zobe, irin su benzin, waɗanda masana suka yi wa suna "masu ƙamshi", alhali dafi ne. In tururinsu ya ratsa garin sai su shige ramukan, su manne a bango, su jeru kusa da juna, wanda ya fi ramin girma kuma ya tsaya a waje. Na taɓa yi wa Inna bayani a taƙaice, na ce garin yana zuƙe dafin fetur. Kalmar nan ta riƙe.

Gaya zuwa Toranke

A Gaya na sayi ƙosai, na cusa shi a jaka. Adaidaita sahu ta kai ni Ajingi, daga nan na hau babur. Damina ce, gero ya kai kafaɗa. Mai babur ya tsaya shan mai wajen wani magidanci, na ga magidancin ya kafa tiyo a baki ya ja, ya tofar.

"Malam, ka ji tsoron Allah ka sayi famfo. Abin nan yana cin jini."

"Haba Hajiya, ai madara muke sha da yamma, tana wanke shi tas."

Haka Yaya Sabi'u yake gaya mini duk sanda na yi masa magana.

Toranke

Da hantsi muka isa. Tun daga zaure warin fetur ya tare ni, don a ɗakinsa Yaya yake ajiye jarkoki. Yaya ya yi fari fat, dasashinsa na jini. Da ya gan ni ya yi murmushi.

"Malamar ƙasa, an iso?"

Ban gama gaishe shi ba Inna ta shigo da ƙwarya da ruwa.

"Rabi, kawo maganin in jiƙa wa yayanki. Ai kin ce yana zuƙe dafin."

Na matsa kusa da ita na ce:

"Inna, ba a sha. A iska yake kamawa, kafin ya shiga jikin mutum. In ya riga ya shiga jini, ba ya iya binsa."

Ta tsaya da ƙwaryar a hannu. "To duk karatun nan na mene ne?"

Yaya ne ya cece ni, ya ce a zuba a faranti a ajiye masa a gefen kai, ko warin ɗakin ya ragu ya samu numfashi. Na san don Inna ya faɗa. Ta juye garin a farantin tangaran da take ɓoyo don baƙi, ni kuma na sa aka fitar da jarkokin bayan gida.

Kwana biyu na yi ina jinya. Tuwon dawa ake kawowa, a mayar da shi yadda ya zo. A rana ta uku, bayan azahar, Allah ya karɓi abinsa. Kafin magariba an kai shi.

Komawa

Bayan sadakar uku na shiga ɗakin in kwashe garin in zubar. Inna tana zaune a bakin gadon.

"Abin da ya kama yana nan a ciki?"

"Yana nan, Inna. Ba ya saki sai an gasa shi a wuta."

Ta ja farantin jikinta. "To ki bar mini. Kada wanda ya kai shi kusa da murhu. Warin Sabi'u ne."

Ɗan farinta ne. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta kama sunansa ba sai ranar.

Na hau babur zuwa Ajingi, na bi motar Gaya, la'asar ta yi mini a Kano. Na gode wa Allah da ya kai ni na same shi da rai, na gode wa mutanen Toranke da suka tsaya mana. Wanda ya karanta wannan ya sa Yaya Sabi'u a addu'a, ya sa Inna ma, don ita aka bari a gidan.