Oga Ndako da Wayar da Aka Haɗa a Rumfarsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 15 ga Afrilu, 2025, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Malam Ndako mai gyaran esin mota, wato na'urar sanyaya cikinta, a nan Kontagora, bayan jinyar wata bakwai. An yi jana'izarsa da la'asar. Makanikai sun cika sahu uku, kowa na cewa an yi rashin mutumin kirki. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu sun ɗaga hannu ranar da aka kore shi daga gareji. Ni ma ina cikin sahun, kuma na fi su duka rashin kunya.

Oga, ni ne Muntasir, wanda ka koya wa aiki shekara shida kafin in buɗe rumfata kusa da taka.

Idan mota ta zo esinta na sanyi yana ɗaukewa, kowa a garejin cewa yake gas ya ƙare. Kai ba ka taɓa gas sai ka duba fiyus, ka bi waya da mita har ka kai ga sensa, ɗan abin nan da bai wuce ƙwayar wake ba, da ke maƙale jikin abin sanyaya iska a bayan dashbod. Shi ke sa kwamfureso, injin da ke tura gas ɗin, ya huta idan sanyi ya yi yawa, kada ƙanƙara ta toshe komai. Sai ka tsoma shi a kofin ruwan ƙanƙara ka karanta mita, ka fito da shi ka dumtse a tafin hannu ka ga ko lambar za ta sauka. In ta ƙi motsi, sensa ya mutu. In ta motsa, ka koma kan soket, inda sau da yawa tsatsa ce ko ɓarnar ɓera. Ana yi maka dariya, wai likitan wake. Amma na tuna Malama Salome, malamar makaranta daga Beri, wadda aka riga aka yanke wa hukuncin canja kwamfureso. Ka gano ƙafar soket ɗaya ce ta saki, ka matse ta, ka ce ta gaida yara.

Harshenka da kaifi, ba zan ɓoye ba don ka mutu. Ka tsani masu yanke sensa su haɗa waya dairek, kana cewa sun cire wa mota hankali sun bar ta da ƙarfi. Ka sha faɗa musu a gaban masu mota, suna haɗiyewa suna jiran rana.

Ranar ta zo shekara biyu da suka wuce. Hajiya Madina mai atamfa ta aiko direbanta Bappa da mota. Ka auna, ka ce sensa ya mutu, sai an sauke dashbod, aikin kwana biyu. Ita kuwa washegari za ta Kasuwan Garba. Kana tafiya masallacin Juma'a Bappa ya zo ya roƙe ni, wai in bai mai da mota da sanyi ba aikinsa ya tashi. A cikin rumfarka na yanke wayar, na haɗa, na naɗe da tef. Ko minti goma ban yi ba.

Washegari kwamfureso ya yi ta aiki ba hutu har ya cije, bel ya tsinke, mota ta mutu a tsakiyar daji. Hajiya ta samu mai babur ta tafi neman taimako, Bappa ya tsaya gadin mota. 'Yan bindiga suka zo suka tafi da shi. Har yau ba shi ba labarinsa, kuma ban da ni shi kaɗai ya ga wanda ya taɓa wayar.

Da aka jawo motar, ƙungiyar makanikai ta zauna. An ga waya a haɗe, kowa kuma ya ga motar a rumfarka. Ka kwance tef ɗin ka daɗe kana kallo. Ni bahago ne, murɗin wayata baya yake juyawa, kai da kanka ka sha yi min tsiya a kan haka. Ka ɗago ka dube ni sau ɗaya, ka ce, "Ba aikina ba ne." Aka ce to na wane ne, ka ƙi faɗa. Da aka ce masu son a kore ka su ɗaga hannu, na ɗaga nawa.

Abin da aka yi maka bayan nan ko kare ba a yi wa. Waɗanda ka ƙona da harshe suka samu nama. Aka raɗa maka mai sayar da direbobi, aka daina amsa sallamarka a teburin mai shayi. Ka koma zauren gida kana gyaran fanka da tocila, masu motocinka suka dawo rumfata, na karɓe su da hannu biyu. Wata bakwai kana kwance, ina zagaye ta wani layin don kada in bi ta ƙofarka.

Ranar sadakar uku na shiga yi wa matarka Ramotu gaisuwa. Na durƙusa na ce, "Mama, ya haƙuri?" Ta ƙare min kallo.

"Muntasir, ka zo ke nan. Tun ranar ya gaya min aikinka ne. Na ce ya tona ka, ya ce a'a, shi ya koya maka aiki, za ka zo da ƙafarka. Duk sallamar da aka yi a zaure sai ya ce in duba ko kai ne."

Ta juya ta ci gaba da gaisawa da wasu.

Don haka duk mai karanta wannan ya sani, Malam Ndako bai taɓa wayar nan ba, ni na haɗa ta. Shugabannin ƙungiya su san inda za su same ni, iyalan Bappa ma haka.

Allah ya jiƙanka Oga, ya yalwata kabarinka, ya sa zaluncin da muka yi maka ya zama kankarar zunubi. Allah ya bayyana Bappa in yana raye, ya yi masa rahama in ya riga mu. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama Ramotu da 'ya'yanka biyar da dangi, Allah ya ba su haƙuri. Ban roƙi gafararsu ba, don wanda yake da ikon yafe min ya jira ni shekara biyu ban je ba.