Dolen Bature da Sallamar Magaji

Ko na manta da komai na aikin tafinta, ba zan manta da wata ranar Alhamis a zauren Magajin Baƙi ba. Shi ne bafaden da ke saukar da manyan baƙi a birnin Sakkwato. Ni kuwa na koyo Turanci a jiragen fatake na kogin Kwara, na rako wani Bature mai sayen jar fata, muna ce masa Dogo.

Ku yara masu shigowa aikin nan, ku san Turawa na da wata 'yar kalma, "mas". Ana sa ta gaban aikin da ake so a yi, sai ta mai da shi tilas. Babu roƙo a cikinta, babu "in Allah ya yarda". Dogo yana fesa ta kamar tofin yawu: alfadari mas ya tashi, ruwan sama mas ya tsaya. Ƙa'idar aikinmu ita ce kada ka kai wa babba kalmar nan tsirara. Sai ka sa mata riga, ka ce "yana neman alfarma".

Ƙa'ida ta biyu ta gari ce: baƙo ba ya tafiya sai an sallame shi, kuma wanda ya matsa, shi ke daɗewa.

To, a lokacin zuciyata ta faɗa rijiya a Ƙofar Rini. Hajo ce, ɗiyar majemin da muke sayen fata wurinsa. Idanunta kamar an wanke su da madara, muryarta kamar sarewa daga nesa. Warin jima da ke korar ungulu, ni ƙamshi nake ji. Ban kai ga aika manya ba, ga wani maɗinki yana ta zarya da goro. In Dogo ya tafi, da ni zai tafi, kuma kafin in dawo an ɗaura mata aure da maɗinkin.

Ranar nan Dogo ya tsaya gaban Magaji, ko takalmi bai so cirewa ba, ya ce shi gobe mas ya tafi.

Magaji ya dube ni. "Mi yac ce?"

Rigar tana bakina. Sai fuskar Hajo ta gifta mini. Na haɗiye rigar.

"Ranka shi daɗe, ya ce dole ka sallame shi gobe."

Mai fifita ma ya tsaya.

"Dole?" in ji Magaji, yana murmushi. "Madalla. Ce mishi mun ji. A ƙara mishi rago."

Dogo ya fita yana murna, ya ce ka gani, mutanen nan magana gaba-gaɗi suke so. Ya ɗaure kaya. Gobe ta zo, aka ce Magaji ya tafi gona. Jibi, yana jin mura. Sati ya cika, aka aiko da zuma. Dogo ya ci rago har ya fara kama da shi. Ni kuwa kullum la'asar ina Ƙofar Rini, wai duba fata.

Da wata ya kusa cika, Magaji ya kira ni ni kaɗai.

"Tafinta, tun zuwanku kake rufa wa mutumin ga asiri. Ran nan kaɗai ka tsiraita shi. Dolen ga, nashi na ko naka?"

Na durƙusa, na faɗi gaskiya, har da maɗinki. Na sa rai da bulala. Sai ya yi dariya har rawani ya karkace.

"Ɗan banza! Raguna huɗu ka ci mini don ɗiyar majemi?"

Washegari shi da kansa ya aika a nema mini aurenta. Bayan an ɗaura, ya sallami Dogo da doki. Har muka rabu a bakin kogi, Dogo yana gaya wa 'yan'uwansa cewa da tsawa ya ƙwaci sallama.

Abin da na koya shi ne, kalmar nan ƙasa take gangarowa, ba ta hawa sama, kuma tafinta shi ke riƙe da linzaminta. Kuskure ɗaya na yi: na koya wa Hajo ita. Shekara talatin ke nan, duk Sakkwato ita kaɗai ke faɗar "mas" a tashi a yi.